Shayin Kofur

Tsakanin cokula biyu Tela take murƙushe ƙwayar. Ta ɗora ta a kan ɗaya, ta danne da bayan ɗayan, ta murza har ta zama gari, sannan ta zuba a kofi ta bi ta da sukari mai yawa don ya rufe ɗacin. Likitan asibitin soja rabin ƙwaya ya ce, lokacin kwanciya barci. A gidan ubansa Hedimasta kuwa guda biyu ake ba Kofur, da rana tsaka, kowace Asabar, kafin baƙi su fara sallama.

"Kin dama?" Inna, uwar mijinta, ta tambaya daga ƙofar kicin.

"Na dama."

"To kai masa tun da zafinsa. Ki sa masa kakin, ki ɓalla masa maɓallin wuya. Wancan makon kin bar shi a buɗe kamar ɗan tasha."

Da son ran Inna ne, da kanta za ta kai. Amma tun da aka dawo da Kofur daga fagen yaƙi, da ƙafa ɗaya da ba ta lanƙwasuwa da kunne ɗaya da ba ya ji, ba ya karɓar abin sha daga hannun kowa sai na matarsa. Ko uwarsa ce ta miƙo masa ruwa, sai ya yi godiya ya ajiye, ya bar wa ƙuda. Shi ya sa duk yawan masu ilimi da masu baki a gidan, aikin ya faɗo kan Tela.

Ta same shi zaune a bakin gado, ya karkata kunnensa mai lafiya wajen taga.

"Yau ranar fareti ce?" ya ce, da ya ga kakin a kafaɗarta.

"Ita ce."

"To a shirya soja."

Ya shanye shayin yana kallonta ta saman kofin. Kafin ta gama ɗaure masa igiyar takalmi harshensa ya yi nauyi. Kafin su kai falo idonsa ya koma kamar na wanda aka tasa daga barci, aka kuma hana shi komawa.

Kujerarsa tana ƙarƙashin taswirar da ubansa ya manna a bango. Nan ake zaunar da shi, a gyara masa hula, a jingine sandarsa a inda kowa zai gani. Maƙwabta da tsofaffin ɗaliban Hedimasta su cika falon, shi kuma Hedimasta ya miƙe da doguwar rularsa ta katako ya shiga bayanin yaƙi. A farkon yaƙin ya ce kan iyaka ne. Da rediyo ta daina maganar iyaka, ya ce ai dama kan madatsar ruwa ne, iyakar reshe ce. Yanzu kuma an je ne don a ceci mutanen yankin. Duk ukun da murya ɗaya ya faɗe su, muryar da ya yi shekaru yana koyar da lissafi da ita, kuma ba wanda ya taɓa tuna masa na baya, domin rabin falon sun sha bulalarsa suna yara.

"Yaron nan da kuke gani," yakan ce, yana nuna ɗansa da rular da yake nuna tsaunuka, "ya san abin da ya kai shi. Da saninsa ya ba da ƙafarsa."

In wani baƙo ya yi kuskuren juyawa ya yi wa Kofur tambaya kai tsaye, Hedimasta ya tare.

"Kunnen ne, bai ji ka ba. Abin da yake son ya ce maka shi ne..." Sai ya faɗi abin da Kofur yake son cewa.

Asabar ta farko ce ta jawo wannan duka. Ranar Kofur yana cikin hankalinsa, wani ya ce masa, tunda ya je ya gani da idonsa, a kan me ake yaƙin nan?

"Wallahi ban sani ba," in ji Kofur. "Mun tambayi Saje, ya ce mu tambayi Kyaftin. Muka tambayi Kyaftin, ya ce shi ma jira yake rediyo ta gaya masa."

Mutum biyu suka fashe da dariya, suka dubi fuskar Hedimasta, suka haɗiye abarsu. Kafin gari ya waye an gama yanke hukunci a gidan cewa kan Kofur ya taɓu. Babu wanda ya tsaya ya auna ko gaskiya ya faɗa. Yayansa mai kemis ya shigo da kwalin magani a aljihu, aka kira Tela aka koya mata aikin cokula biyu.

Ƙwayar Asabar ba ta sakinsa sai tsakiyar mako. Hannunsa ya fara rawa, in ya ɗebo shinkafa rabi a cinyarsa take ƙarewa. Yawu ya riƙa zubo masa ta gefen baki bai sani ba. Wata safiya ya zame a banɗaki, goshinsa ya bugi bakin bokiti ya tsage. Da Asabar ta zagayo, Tela tana ajiye tire a falo ta ji Hedimasta yana nuna tabon da rula yana cewa ɓaraguzan bam ne.

Ranar Litinin ta rufe keken ɗinkinta ta tafi kemis. Ta tarar da Yaya yana jera kwalabe a kanta.

"Yaya, maganin nan ya yi masa yawa."

"Ikon Allah. Yaushe Telarmu ta zama likita?"

"Likitan ma ai rabi ya ce."

"Likita sau ɗaya ya gan shi. Mu muke zaune da shi." Ya leƙa waje, ya rage murya. "Kin san abin da ake yi wa sojan da ya zauna cikin mutane ya ce bai san dalilin yaƙi ba? Kin san su wa ke zama a falon nan? Ba kowa ke zuwa don shayi ba. Kare shi muke yi."

"Kun kare shi har ya kasa riƙe cokali."

"Cokali kya iya ba shi a baki. Sunan gida in ya zube, ke za ki kwashe mana?"

Wata mata ta shigo neman maganin tari, Yaya ya juya mata da fara'a, magana ta ƙare ke nan.

Inna kuwa da kuka ta tare ta. "Ni na haife shi, 'yar nan. Kina ganin yadda yake zabura in iska ta buga ƙofa? Barcin nan hutu ne a gare shi. Ke yarinya ce, ba ki san tausayi ba tukuna."

Hedimasta dama ba a kai masa ƙara. Shi bayani ake zuwa karɓa a wurinsa.

Akwai wata tsohuwa da ke zuwa wanki gidan ranar Alhamis. 'Yar gudun hijira ce daga yankin da ake yaƙin, kowa Mai Wanki yake ce mata, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta abin da ya wuce sabulu. Ranar Alhamis ce kuma Kofur ya fi zama mutum, lokacin ƙwayar ta sake shi, wata ba ta zo ba. Tela takan fito da kekenta baranda, ta zaunar da shi kusa da ita ya sha hantsi.

Wata Alhamis Mai Wanki ta zaro kakin daga tulin kaya, ta ɗaga shi da yatsu biyu.

"Wannan naka ne, ɗana?"

"Nawa ne, Gwaggo."

"Kun zauna a garin da ke gindin dutse, mai kasuwa a bakin gada?"

"Mun daɗe a can. A makarantar garin aka sauke mu."

"Ku ne kuka ƙona bencinan kuna dafa abinci."

"Mu ne."

"Jikata a nan take aji biyu."

Tela ta ɗauke ƙafa daga kan keke. Mai Wanki ta tsoma kakin a ruwa, ta goga masa sabulu kamar kowane tsumma, sannan ta ɗago.

"Na daɗe ina neman ɗayanku a zaune, babu bindiga, in yi masa tambaya. Me kuka zo yi?"

Kofur ya juyo mata da kunnensa mai ji. "Ke fa, Gwaggo, me aka ce muku?"

"Mu wa zai ce mana? Mun dai wayi gari mun ga motoci. Kuka ce kun zo ku kare mu daga waɗancan. Da kuka matsa gaba waɗancan suka shigo, suka ce sun zo su kare mu daga ku. Tsakanin kariya da kariya ɗakina ya ƙone." Ta matse hannun rigar. "Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya mutu yana cewa kan ruwa ne. Maƙwabcinmu ya rantse akwai wani abu a ƙarƙashin dutsen da manya ke so. Shekara sittin ina shanya a kan dutsen nan, ban ga komai ba sai ƙadangaru. Ni na ɗauka ku kun sani, tunda takalmanku iri ɗaya ne."

"Mu kuma in muna gadi a bakin gada, muna kallonku kuna wucewa da kaya a ka, sai mu ce waɗannan ai sun sani, tunda garinsu ne. Har wani abokina ya ce in an yi sulhu zai tambayi mai sayar mana da taba."

"Ya tambaya?"

"Bai kai ba. Mai tabar ma bai kai ba."

Can sai Mai Wanki ta fara dariya, irin wadda ba ta da daɗi, Kofur ya taya ta, har ya riƙe ciki. Rabon Tela da jin dariyarsa tun kafin ya tafi.

Ashe Inna tana tsaye a bayan labule. Ta fito fuska a ɗaure.

"Ki shanya wanda kika wanke ki kama hanya. Kar ki dawo. An taimake ki da aiki, kin zo kina tayar wa marar lafiya da ciwo."

"Inna, hira ce kawai," in ji Tela.

"Ke ban sa da ke ba."

Mai Wanki ta shanya kakin a igiya, ta goge hannu a zaninta, ta dubi Kofur. "In ka ji dalilin, ɗana, ka aiko mini. Ina bayan tashar mota."

Da yamma Hedimasta ya ji labari. Ya cire tabarau ya goge. "Baƙauya da marar lafiya sun haɗu suna warware siyasar duniya a gindin famfo. Abin ya kai inda ya kai." Yaya ya ce ai dama shi ya faɗa, tazarar da ake bari tsakanin Asabar da Asabar ita ke ba ciwon ƙofa. Daga ranar aka mayar da biyun kullum.

Alhamis ta ɓace daga makon Kofur. Ya daina zama a baranda, domin in an zaunar da shi gefe yake zubewa. Ya daina cin abinci sai an tashe shi, kuma loma tana bakinsa barci ke kwashe shi. Tela ta rage ƙugun wandon kakin, bayan ɗan lokaci ta sake ragewa, har aljihun baya biyu suka kusa haɗuwa. Ita da ke auna mutane da ido, ba ta buƙatar sikeli ya gaya mata abin da ke tafiya daga jikin mijinta.

Wata Asabar, Hedimasta yana tsakiyar bayanin yadda za a ci gabas da yamma a lokaci guda, fitsari ya biyo ƙafar Kofur ya taru a gindin kujera. Inna ta yi wuf ta jefa masa tawul a cinya, ta ce shayi ne ya zube. Baƙi suka mayar da ido kan taswira, kowa ya zama ɗalibin kirki. Tela ce ta goge wurin bayan an watse, ita ta wanke shi, shi kuwa bai ma san an yi ba.

Washegari sukari ya kusa ƙarewa a kicin. Ta dama da ɗan abin da ya saura ta kai masa. Da safe, kafin ya sha, yakan sami ɗan tsakanin da idonsa ke washewa. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Yau kin rage sukari."

"Ya ƙare ne."

"Shi ya sa ɗacin maganin ya fito sosai."

Tela ta zauna a ƙasa, a gabansa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kofin farko." Maganar tana fita da ƙyar, kalma tana jan kalma. "Soja ne ni, Tela. Na sha magani kala-kala."

"To don me kake sha?"

"Ke kike kawowa."

Ta dubi kofin da ke hannunsa.

"Ban ga laifinki ba," ya ce. "An ba ki oda, kin bi. Ni ma haka na yi, har na fi ki. Kin dai tambaye su dalili?"

"Sun ce don a kare ka."

Gefen bakinsa ya motsa, dariyar ta kasa fitowa. "Ai kuwa. Kalmar nan tana da aiki."

Ya ɗaga kofin zai ƙarasa. Ta riƙe hannunsa, ta zare kofin daga yatsunsa, ta fita tsakar gida. Inna tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. A gabanta Tela ta tuntsurar da shayin a magudanar ruwa, ta ɗauraye kofin ta kife.

"Me nake gani haka?"

"Na daina damawa, Inna. Rabi lokacin barci, yadda likita ya ce, kuma a tafin hannunsa zan sa masa yana gani. Mai son ya sha biyu ya zo ya ba shi da kansa."

Yaya ya zo da kansa. Ya dama, ya kai, har da lallashi. Kofur ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Yaya," ya ajiye a ƙarƙashin gado. Yaya ya tsaya yana kallon kofin, yana kallon ƙanensa, ya tuna cewa mutumin nan ko da ƙafa ɗaya soja ne, ya fita.

Kwanakin da suka biyo ba su yi daɗi ba, kuma Tela ba ta yi wa kanta ƙaryar cewa sun yi ba. Gumi ya riƙa jiƙa masa riga. Barci ya ƙaurace masa. Yaran maƙwabta suka fasa wani abu a waje, ya kife a ƙasa yana kiran sunayen mutanen da ba ta sani ba. Sau ɗaya ya yi jifa da sandarsa ta fasa madubi.

"Kin gani ko?" in ji Inna. "Kin ga abin da taurin kanki ya jawo?"

"Na gani. Amma yau shi ne yake ihun, ba magani ne yake barci ba."

Ya fara cin abinci. Ya nemi reza ya yi aski da kansa, ya yanke haɓa, ya zagi rezar da zagin bariki, Tela ta juya baya tana murmushi.

Hedimasta ya aika a kira ta falo. Bai ce ta zauna ba, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"A aji nawa kika tsaya a makaranta?"

"Ban yi nisa ba, Baba."

"Shi ya sa. Bari in fahimtar da ke. Yaron nan rami ɗaya ya zauna, gefe ɗaya ya gani. Ni daga nan ina ganin fagen gaba ɗaya. Jama'a suna buƙatar abin koyi, 'ya'yansu suna can. In suka ji wanda ya je ya dawo yana cewa bai san dalili ba, me kike son su yi da zuciyarsu? Kuma shi soja ba aikinsa ba ne ya sani. Aikinsa ya tafi inda aka tura shi."

"To Baba, ai abin da ya faɗa ke nan. Ya ce bai sani ba. Ina taɓin kan yake?"

Hedimasta ya daɗe bai sami ɗalibin da ya mayar masa da tambaya ba.

"Tashi ki ba ni wuri. Zan yi maganin abin."

Ranar Asabar da rana Tela ta fita kai wa wata mata ɗinkinta. Da ta dawo, takalman baƙi sun cika ƙofar falo, ɗakinsu kuwa an garƙame shi da sabon kwaɗo. Inna tana tsaye a gefe tana murza gefen mayafi.

"An ce wa baƙi yana barci. Ki bari a watse, za a buɗe. Don Allah, 'yar nan, kar ki tona mana asiri."

Daga cikin ɗakin aka fara buga ƙofa da sanda. Ba bugun hauka ba ne. A hankali yake yi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sallama a gidan da ya san ana ciki. A falo Hedimasta ya ɗaga murya don ya rufe ƙarar, bugun ya ci gaba.

Tela ba ta taɓa shiga falon nan a gaban baƙi ba sai da tire a hannu. Yau ta shiga hannu sake, ta gaishe da baƙi, ta tsaya a tsakiya.

"Baba, mabuɗin ɗakinmu na zo karɓa."

"Yana barci. Fita."

"Mai barci ne ke buga ƙofa?"

Kowa ya ji bugun, tun ɗazu ma suna ji. Yaya ya miƙe zai kama hannunta, ta dube shi.

"Yaya, in ka taɓa ni zan faɗa wa mutanen nan ƙwaya nawa likita ya rubuta, da nawa kake kawowa daga kemis, da wanda aka sa yake damawa a shayi. Ni ce mai damawar, don haka ba ji na yi a bakin wani ba."

Ai kuwa ta riga ta faɗa. Yaya ya koma ya zauna. Hedimasta ya dubi fuskokin ɗalibansa, ya ga yau ba taswira suke kallo ba. Ya zaro mabuɗin daga aljihu ya jefa a ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauka.

Kofur ya shigo da rigarsa ta gida da silifas, yana dogara sanda, gumi a goshinsa. Bai je kujerarsa ba. Ya jingina da bango kusa da ƙofa, ya gaishe da mutane ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar wani lafiyar mahaifiyarsa.

Wani tsoho mai gyaran agogo ya yi gyaran murya daga can lungu.

"Kofur, ɗana yana can tun bara. Ina zuwa nan ne don in sami dalili in kai wa uwarsa. Malam ya ba ni guda uku, na kai mata duka, ba wanda ya sa ta barci. Kai ka je. A kan me ake yi?"

"Abin da yake son ya ce..." Hedimasta ya fara.

"Malam, na ji naka, na gode. Shi nake tambaya."

Kofur ya gyara tsayuwa a kan sandarsa.

"Baba, ban sani ba. Na tambayi na sama da ni, ba su sani ba. Mutanen da muka shiga garinsu kuma mu suke tambaya. Wataƙila akwai wanda ya sani, amma ban gamu da shi a can ba, kuma ba na jin yana zuwa wurin. In za ka yi wa ɗanka aike, ka aika masa safa da maganin ƙaiƙayi, su ya fi buƙata. In Allah ya dawo maka da shi, ya ce maka bai sani ba, kar ka ce kansa ya taɓu."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. "Wannan zan iya kai mata," ya ce.

Hedimasta ya buga rula a kan tebur. "Ba a gidana ba. Wanda zai zubar mini da mutunci a gaban jama'a, shi da mai zuga shi, su nemi wani rufin. Yau, ba gobe ba."

Ya yi tsammanin za a durƙusa a ba shi haƙuri, domin haka aka saba. Tela ta juya ta shiga ɗaki. Ta ƙulle tufafinsu a zani ɗaya, ta cire kan keken ɗinkinta daga teburinsa ta naɗe shi a tawul. Inna ta biyo ta tana hawaye, ta kama hannun ɗanta, ya rungume ta da hannu ɗaya.

"In dai sai kun tafi," in ji Inna, "ku bi ta ƙofar baya. Mutane ba su watse ba."

"Ta gaba aka shigo da shi ranar da ya dawo, Inna, har da tafi. Ta nan zai fita."

Suka ratsa falon, Kofur a gaba yana jan ƙafa, baƙi suna janye nasu ƙafafun suna ba shi hanya. A bakin ƙofa Tela ta tsaya, ƙullin kaya a ka, kan keke a hammata.

"Baba, akwai babban hotonsa da kaki a bangon ɗakinmu, na bar muku. Ku ɗora shi a kujerar. Shi ba ya buƙatar magani, kuma duk abin da kuka ce yana son faɗa, ba zai musa ba."

Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya tsawata mata.

A waje rana ba ta faɗi ba. Masu shaguna suka bi su da kallo, Tela ta gaishe da duk wanda suka haɗa ido. Ta san hannun nan da ke rawa a kan sanda ba yau zai daina ba. Ta san za a ce ta raba ɗa da iyayensa, kuma masu faɗar haka ba za su tambayi yadda iyayen suka riƙe shi ba. Gida guda, mutum ɗaya ne ya ga yaƙin da idonsa, shi kaɗai ne kuma aka ce bai isa ya yi maganarsa ba. Ta ji wannan ya ishe ta amsa ga duk mai tambaya.

A bakin titi Kofur ya tsaya ya huta.

"Ina muka nufa?"

"Gidan yayata. Akwai ɗaki a baya."

"Don me can?"

"Don kusa yake da asibiti, gobe mu koma wurin likitanka. Kuma don a can in an tambaye ka, kai za ka amsa."

Ya miƙa hannu ya karɓi ƙullin kayan daga kanta ya rataya a kafaɗa.

"To mu je," ya ce. "Rabona da tafiyar da aka gaya mini dalilinta, har na manta."